Jinin da ke biyo asuwaki: yadda ake gane ciwon dasashi da yadda ake maganinsa

Bayan an sallame sallar asuba a unguwannin Tawa, za ka ga dattawa da samari zaune a kan dakali, kowa da asuwakinsa a baki. Idan ka lura da yawun da wasu ke tofarwa, za ka ga ya yi jaja-jaja. Ka tambayi mai shi, zai ce maka asuwakin ne ya yi tauri, ko ya ce tun yana yaro haka bakinsa yake. Wani ma sai ya daina taɓa wurin da ke jinin, wai don ya huta ya warke. To daga nan ɓarnar take somawa. Dasashi lafiyayye ba ya jini don an goge shi, kamar yadda fatar hannu ba ta jini don an cuɗa ta da soso. Galibi inda jini ya fito akwai kumburi, kuma dauɗar da aka bari a gindin haƙori ce ta kawo shi.

Kafin a gane ciwon, sai an san yadda haƙori yake tsaye. Farin da muke gani idan mutum ya yi murmushi kai ne kawai. Saiwar, wadda ta fi kan tsawo, tana binne cikin ƙashin muƙamuƙi, kuma wasu siraran zaruruwa ne masu ɗimbin yawa suka ɗaure ta da ƙashin ta kowane gefe. Dasashi shi ne naman da ya lulluɓe ƙashin ya kama wuyan haƙori kamar wuyan riga. Tsakaninsa da haƙorin akwai ɗan kwari, zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ga mai lafiya. A cikin wannan ɗan kwarin komai yake faruwa.

Sa'o'i kaɗan bayan an wanke baki, wata dauɗa mai laushi da danƙo takan fara kwanciya a jikin haƙori. Ka kankari gindin haƙorinka da farce da yamma, farin abin da zai biyo farcen ita ce. Mutane na ɗauka ragowar tuwo ce, alhali kusan dukkanta ƙwayoyin cuta ne da suka manne da juna suka yi gida. Muddin tana da laushi, buroshi ko asuwaki na iya ɗauke ta. Idan aka bar ta kwanaki, sinadaran da ke cikin yawu sukan shige ta ta daskare ta zama kamar dutse, launinta rawaya ko ruwan ƙasa, ko baƙi ga mai shan sigari da mai yawan shayi da goro. Wuri biyu ta fi taruwa: bayan haƙoran gaba na ƙasa ta wajen harshe, da turamen sama ta wajen kunci, domin a nan ne ƙofofin yawu suke. Da zarar ta daskare, ko mutum zai kwana yana goga ba za ta fita ba. Jikinta kuma kaushi ne da shi, sabuwar dauɗa sai ta daɗa samun wurin kamawa.

An gwada wannan a ƙasar Danmak a 1965. Wani likitan haƙora mai suna Harald Löe ya sa mutane masu lafiyayyen baki su daina wanke haƙora ɗungurungum. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma wankewa kuma, cikin kimanin mako guda ya koma daidai. Wannan shi ne matakin farko na ciwon: kumburi da jini a nama kawai, ƙashi bai taɓu ba, kuma yana warkewa sarai.

Mataki na biyu shi ne abin tsoro. Ga wasu mutane, idan kumburin ya daɗe, dasashi yakan saki wuyan haƙori, ɗan kwarin nan ya zurfafa ya zama aljihu. Cikin aljihun babu iska sosai, buroshi ba ya kaiwa, ƙwayoyin cuta mafi muni sai su yi kaka-gida. Jiki kuma a ƙoƙarin yaƙarsu yakan narkar da zaruruwan da ƙashin da ke riƙe da saiwa. Duk wanda ya san ƙoramun Adar ya ga gawo tsaye a bakin kwazazzabo, itacen lafiya lau, amma ruwan kowace damina na kwashe ƙasar gindinsa, har saiwoyi su fito fili, wata rana iska kaɗan ta kayar da shi. Haka haƙori ke faɗuwa ba tare da ko ɗan rami a jikinsa ba. Ƙashin da ya tafi, galibi ba ya dawowa. Abin da magani ke yi a wannan mataki shi ne tsayar da zaizayar inda ta kai. A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, kimanin kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya, sama da mutum biliyan ɗaya, suna da wannan ciwo a matakinsa mai tsanani. Da yawa daga cikin tsofaffin da ake cewa tsufa ne ya zubar musu da haƙora, wannan ciwon ne, kuma da an tare shi suna shekara talatin ko arba'in da yanzu suna tauna kilishinsu.

Abin da ya sa ake sakaci da shi kuwa, ba ya zafi. Rami a haƙori yakan hana barci ya kai mutum likita da gudu. Ciwon dasashi yakan yi shekara goma yana cin ƙashi a ɓoye, mai shi na cin abincinsa hankali kwance. Don haka sai an neme shi da ido.

A nan akwai abin da ya kamata mutanenmu su sani. Ana yawan cewa dasashi mai lafiya ja ne mai haske, mai ciwo kuma jajawur. Wannan ma'auni ba ya yi wa kowa aiki, domin da yawa daga cikinmu dasashinsu baƙi ne ko dabbare-dabbare tun haihuwa, kuma lafiya ce. Akwai kuma matan da aka yi wa baƙin dasashi da allura don ado. Ga irin waɗannan launi ba ya nuna komai, sai a duba siffa. A tsaya gaban madubi inda hasken rana yake, a ɗaga leɓe. Mai lafiya yana da tauri, ya lafe a jikin haƙori, ɗan tsinin da ke tsakanin haƙora biyu kuma siriri ne kamar bakin wuƙa. Mai ciwo ya yi bul-bul yana ƙyalli, tsinin ya dunƙule, idan aka taɓa shi da bakin asuwaki sai jini. Alamun da ke nuna abin ya kai ga ƙashi su ne warin baki da ba ya tafiya ko an wanke, ɗanɗanon jini ko na ruɓa da safe, jini a kan matashi, haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo saboda nama ya ja baya, ruwan randa ko na sanyi ya riƙa tsirawa har cikin kai, nama ya riƙa maƙalewa inda da ba ya maƙalewa. Idan wushirya ta ɓullo wa babban mutum da ba a haife shi da ita ba, ko haƙoran gaba suka fara turowa waje suna bajewa, ko aka danna dasashi mugunya ta fito, ko haƙori ya fara motsi, to an yi nisa, kada a ƙara ko mako.

Mai shan sigari ko shisha, da mai sa taba gari a baki, kada ya ce shi ba ya jini don haka lafiyarsa ƙalau. Taba tana matse ƙananan jijiyoyin jini na dasashi, sai ta ɓoye alamar farko alhali ƙashi na tafiya da sauri fiye da na wanda ba ya sha. Shi ya sa wanda ya bar sigari yakan ga jini ya ƙaru a makonnin farko. Jinin ne ya dawo gudana yadda ya kamata, kada ya firgita ya koma.

A wurin likitan haƙora, ko a babban asibitin jiha na Tawa ko a Yamai, abin awon ɗan siririn ƙarfe ne mai dunƙulallen baki da zane-zanen milimita a jikinsa. Ana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, wuri shida a kewayen kowane haƙori. Milimita 1 zuwa 3 ba jini, lafiya. Milimita 4 zuwa 5, aljihu ya samu. Milimita 6 zuwa sama, ciwo ya yi tsanani. Sai a girgiza haƙoran a ji mai motsi, a ɗauki hoto a ga inda ƙashi ya tsaya a jikin saiwa. Wanda ya je saboda jini aka kalli bakinsa kawai aka rubuta masa kafso, yana da haƙƙin ya nemi a auna masa, domin ido kaɗai ba ya ganin zurfin aljihu.

Asalin maganin aikin hannu ne: a kankare dauɗar da ta daskare. Likitocinmu suna kiransa détartrage da Faransanci. Ana amfani da wata na'ura mai siririn baki da ke karkarwa da sauri tana fesa ruwa, ta farfasa dutsen ta wanke shi, sannan a bi da ƙarafan hannu masu lanƙwasasshen baki. Idan ciwon na matakin farko ne, zama ɗaya ya isa. Idan akwai aljihuna, sai an yi allurar kashe zafi an shiga ƙarƙashin nama an share jikin saiwa, kuma akan raba bakin gida biyu ko huɗu a yi shi zama-zama. Bayan mako 6 zuwa 8 a sake aunawa. Aljihun da ya rage zurfi ya daina jini ya karɓi magani. Wanda ya tsaya a milimita 6 ko fiye yana iya buƙatar a buɗe naman a share saiwar ido na gani, a mayar a ɗinke. Haƙoran gaba masu motsi akan ɗaure su da na kusa da su da siririyar waya ta ciki. Haƙorin da ƙashinsa ya ƙare, cire shi ya fi, domin yana cinye ƙashin maƙwabtansa.

Akwai wata magana da ta hana mutane da yawa zuwa, wai kankarewa tana raunana haƙori, tana buɗe wushirya, tana sa shi motsi. Abin da masu faɗin haka suka gani gaskiya ne, fassarar ce ta kauce. Dutsen ne ya cike gurbin da nama da ƙashi suka bari, har ya haɗe haƙoran kamar an yi musu yaɓe. Da aka cire shi, kumburi kuma ya sace, sai ɓarnar da ta daɗe a ɓoye ta fito fili. Tsirawar ruwan sanyi bayan aikin takan lafa cikin makonni kaɗan, man goge baki na masu tsirawar haƙori yana taimakawa, motsin ma sau da yawa yakan ragu idan nama ya warke ya kama. Barin dutsen don tsoron gurbi, barin ciwon ne ya ci gaba da ci.

Amma aikin likita na yini ɗaya ne, dauɗa kuwa kullum take dawowa. Wanda aka kankare wa ya koma gida bai sauya yadda yake wanke baki ba, cikin 'yan watanni zai koma gidan jiya. Yawancin mutane suna goge tsakiyar haƙori, inda ya fi kowane wuri tsabta, su bar gindi. A sayi buroshi mai laushi da ƙaramin kai. A karkata shi gashin ya fuskanci inda nama ya haɗu da haƙori, rabi a kan haƙori rabi a kan dasashi, a riƙa ɗan jujjuya shi a wuri guda, haƙori biyu-biyu, ba a ja shi gaba da baya kamar zarto ba. A fara da ciki ta wajen harshe, domin nan ake mantawa. Bayan haƙoran gaba a tsayar da buroshin a tsaye. Minti biyu, sau biyu a yini, kuma na dare kafin kwanciya ya fi muhimmanci domin yawu na raguwa cikin barci. Man goge baki kamar ƙwayar wake ya isa, a duba kwalin a ga an rubuta fluor, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, 1000 zuwa 1500 ppm, bayan an gama a tofar kawai kada a kurkure da ruwa. Inda ya yi jini nan za a ƙara kulawa, a hankali. Cikin mako ɗaya zuwa biyu jinin zai ragu ƙwarai, idan bai ragu ba akwai dutse ko aljihu a ƙasa. A sauya buroshi duk wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje.

Asuwaki abin kirki ne, kuma wanda ya iya shi yana iya cire dauɗa kamar mai buroshi. Matsalar tana ga yadda ake riƙe shi. Mutum ya wuni da busasshen asuwaki a baki yana dirzar haƙoran gaba huɗu ko shida, har naman wurin ya ja baya wuyan haƙorin ya yi tsagi, turamen baya da cikin baki kuwa ko sau ɗaya bai kai ba. A jiƙa shi idan ya bushe, a tauna bakinsa kamar santimita ɗaya har ya yi laushi, a goga daga nama zuwa bakin haƙori, a yanke tsohon bakin kowace rana. Tun da miƙaƙƙe ne ba ya lanƙwasa zuwa lungu, shawararmu ita ce asuwaki da rana a lokutan alwala, buroshi da safe da dare. Gawayi, toka, gishiri da yashi suna sa haƙori haske na ɗan lokaci, amma suna cinye wuyansa suna yanka nama.

Tsakanin haƙora, inda ciwon ya fi farawa, buroshi da asuwaki duka ba sa shiga. Tsinken tsintsiya, ashana da allura suna fitar da naman da ya maƙale amma suna soke dasashi. Inda haƙora suka matse, zaren sakace na farmasi ake sa wa: a yanko kamar kamu ɗaya, a naɗe a yatsu, a zura a hankali, a rungumi gefen haƙori da shi a goga sama da ƙasa har ɗan ƙarƙashin nama. Inda gurbi ya buɗe, ɗan ƙaramin buroshin tsakanin haƙora ya fi zare aiki. Sau ɗaya a yini.

Ruwan kurkure baki mai chlorhexidine yana rage kumburi sosai. Mai ƙarfin 0.12 cikin 100, ana kurkura mililita 15 na daƙiƙa 30, safe da dare, a tofar. A bar rabin awa tsakaninsa da man goge baki, kuma kada a wuce mako biyu sai da izinin likita, domin yana rina haƙora da harshe, musamman ga mai zaman fada da ke shan shayi zagaye uku. Rabin cokalin shayi na gishiri cikin kofin ruwan ɗumi yana sanyaya wurin. Kanumfari yana kashe zafi na ɗan lokaci. Duk cikinsu babu mai cire dutse. Haka kafson da ake saya hannun masu tallar magani a tire: kumburi ya lafa kwana biyu ya dawo, domin ƙwayoyin cutar da ke cikin dauɗa suna lulluɓe da danƙon da magani ba ya ratsawa sosai, kuma yawan sha ba bisa ƙa'ida ba yana sa maganin ya daina aiki ranar da ake matuƙar bukatarsa. Likita yakan rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta irin amoxicilline ko métronidazole a wasu halaye kawai, tare da kankarewa. Ɗora aspirin a kan dasashi, ko ɗiga turare ko ruwan batir, ƙona nama yake yi.

Mai ciwon sukari sai ya fi kowa lura. Sukarin da bai daidaita ba yana hanzarta cin ƙashi, kumburin dasashi kuma yana hana sukari sauka. An ga cewa kankare dasashi yana rage gwajin HbA1c, mai nuna sukarin wata uku, da kimanin maki 0.4. Wanda ke yawan samun ƙurji a dasashi, ko haƙoransa suka fara motsi yana da ƙuruciya, ya je a auna masa sukari ko da bai taɓa ji ba. Mai juna biyu dasashinta kan kumbura ya yi jini saboda sauyin jiki, wani lokaci har wata 'yar tsoka ta fito tsakanin haƙora. Kankarewa ba ta cutar da ciki, kuma wata na huɗu zuwa na shida ya fi mata sauƙin zama. Wasu magungunan hawan jini irin amlodipine da nifédipine, da phénytoïne na farfaɗiya, suna sa nama ya yi girma ya hau kan haƙori. Kada a daina sha, a gaya wa wanda ya rubuta ko zai sauya. Ƙarancin bitamin C ma yana kawo jini, lemu, gwaba, ɗanyen tumatir da garin ɗan kuka suna magance shi. Jinin da ke zuba da kansa ba a taɓa ba, tare da kasala, zazzaɓi ko tabo-tabo a fata, wannan gwajin jini yake buƙata a ranar. Wanda ƙashinsa ya riga ya taɓu zai riƙa komawa a duba a share duk wata uku zuwa shida, har iya rayuwa.

Ƙurjin dasashi mai zugi da mugunya sai an fasa shi an wanke aljihun. Idan kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya haura wajen ido, ko baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ko numfashi ya yi wuya, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne, domin yana iya toshe maƙogwaro.

Ga yara kuma abin ya fi gaggawa. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da ya rame, ko ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, idan dasashinsa ya fara jini, bakinsa na wari mai tsanani, yana dalalar da yawu yana ƙin abinci, a buɗe bakin a duba da fitila. Tsinin naman da ke tsakanin haƙora ya ruɓe ya yi toka-toka, wannan ita ce ƙofar cutar da likitoci ke kira noma, mai cin kunci da leɓe. Daga gyambon dasashi zuwa kumburin kunci zuwa baƙin tabo da ɓulewar fuska, kwanaki ne kawai, kuma yawancin yaran da ba a yi wa magani ba ba sa rayuwa. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka daɗe ana sakaci da su, don a ƙara kula da ita. Akwai cibiyar ƙungiyar Sentinelles a Damagaram da asibitin noma a Sakkwato masu kula da waɗanda ta ci wa fuska, amma a matakin gyambo ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye (CSI) mafi kusa ya isa: maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da ruwan gishiri ko chlorhexidine a jikin auduga sau da yawa a yini, da abinci mai gina jiki. Uwar da ta ji irin wannan wari a bakin ɗanta da safe, ta goya shi zuwa likita kafin azahar.